Goshin Muttaka Ya Daina Zufa

"A'a, Malam Gide, ni ban ce rago ne ba. Cewa na yi ɗinkakke ne."

Hajiya Hajaratu ta tokare ƙofar zaure da sandarta, ƙanin mijinta na daga waje. Gayyar samarin Sheme ya tara a gonarsa, wai lallai jikanta Muttaka ya fito, tunda sun nome wa yaron tashi gonar yana kwance asibiti.

Shi Muttaka tun yana yaro zufa ke ba shi wahala. Hannu kamar an tsamo daga randa, ƙotar galma ta yi ta suɓuce mashi, ko gaisawa da mutane ba ya so. Shi ne aka kai shi birni, likita ya huda ta hammata, ya bi tsakanin haƙarƙari dab da huhu, ya datse jijiyar da ke kawo zufar. Ya ce ban da aikin ƙarfi sai ya sake ganinsa.

"Na ji, hannu ya bushe. To kilishi ma busasshe ne, ka taɓa ganin ya yi noma?"

Da dariya ta faɗa, amma ba ta janye sandar ba. Jiya yaron guga kawai ya jawo a rijiya, ta ga ya dafe ƙirji ya durƙusa, numfashi na fita guntu-guntu kamar na akuyar da igiya ta shaƙe. Da ta ɗaga rigarsa, audugar ɗinkin ta yi ja. Ya roƙe ta kar ta gaya wa kowa.

Kuma ta san gayyar garinsu. Fuska ake dubawa. Wanda goshinsa ya jiƙe sharkaf, shi ake cewa ya je inuwa ya sha kunu. Goshin Muttaka kuwa tun ranar da likita ya yi mashi aikin ya daina zufa. Makaɗi zai yi ta zuga shi, ga namiji ko gumi bai yi ba, shi kuma ba ya iya cewa ya gaji, har ya kife cikin dawa.

Daga cikin gida ta ji ƙarar ƙarfe. Yaron ne ke laluben galmarsa.

Sai ta janye sandar daga ƙofa, ta sassauta murya.

"To shigo ka tafi da shi, Malam. Amma in an tashi, ka ce wa samarin kar su watse, akwai sauran haƙan kabari a bayan gari. Wanka kuma kai za ka yi mashi, ka ga ɗinkin da idonka."