Direban Fa?

"Ku durƙusa! Kowa ya durƙusa!" in ji matar fasto, ta faɗo tsakar gidana da waya a hannu, ɗankwalinta a kafaɗa. "Motar masu bishararmu ta faɗi a kwanar gada. Fasto ya tafi asibiti, ya ce a yi ta addu'a."

Na zabura daga kan keken ɗinki har na yi fatali da kwanon allurai. Kafin in tsince su, matan cocinmu sun cika gidan, masu kuka na yi, masu kiran sunan Yesu na yi.

Ni kam gwiwata ta ƙi zama a ƙasa. In durƙusa, in miƙe, in leƙa ƙofa. Mai tuƙa motar nan maƙwabcina ne, katanga ɗaya ta raba mu. Musulmi ne, ɗaukarsa aiki aka yi, amma shekara da shekaru shi ke kai su ƙauyuka. In sun fara wa'azi sai ya koma gindin bishiya ya yi sallarsa. Kullum cikin tsokanata yake, wai ƙarar kekena ta fi ta injinsa.

Can wayar ta yi ƙara. Saƙon murya ne fasto ya turo: "Mun gode wa Ubangiji, mutanenmu duka suna da rai. A ci gaba da addu'a."

Gida ya kaure da ihun murna, wata har da rawa. Na kamo hannun matar fasto.

"Direban fa?"

"Haba Mama, ba ki ji an ce duka ba?"

"Mutanenmu aka ce."

Na karɓe wayar na kira fasto, bai ɗauka ba. Na sake, na sake, ina zagaya igiyar shanya kamar kazar da ke neman wurin yin ƙwai, har dai ya ɗauka.

"Fasto, direban fa?"

Ina jin hayaniyar asibiti a bayansa.

"Mama, tun a wurin ya cika. Hankalina na kan masu jinya. Sai da na tura saƙon na tuna."

Wallahi raina ya ɓaci. Na miƙa wa matarsa wayar, na zura takalmi ƙafa ɗaya nawa, ɗaya na wata, na fita.

Na tarar da matar direba a tsugune bakin murhu tana tura itace, goyonta na barci. Ashe labarin hatsarin ya riga ni zuwa.

"Yaya, sannu," ta ce, tana share ido da bakin zane. "Ɗazu kamar in mutu. Sai na jiyo murnarku ta katanga, na ce alhamdu lillahi. Shi ne na ɗora masa ruwan zafi, na san jikin nan sai an gasa."

Na tsuguna kusa da ita. Ta dubi fuskata, ta daɗe tana duba. A hankali ta ajiye itacen da ke hannunta.

Ta bayan katanga an soma waƙar godiya. Tukunya ta tafasa, ruwan yana zuba a kan wuta, ba wadda ta tashi ta sauke a cikinmu.