Mijin Inna Delu da Aikin Badun

Tun ranar da aka yaye Tawfiq aka kai shi ɗakin kakarsa Inna Delu a Gehuru, tsohuwar ta dube shi sama da ƙasa, ta ga majina har baki, ta ce to wannan ne mijin da Allah ya haɗa ta da shi, ba ta da ta cewa. Aka yi dariya, kamar yadda ake yi a kowane gida idan kaka ta fara wasa da jika. Sai dai a sauran gidaje wasan yakan lafa idan yaro ya fara gemu. Na Inna Delu bai lafa ba. Yayen ma bai ƙare ba, don da uwar yaron ta aiko a maido mata ɗa, Inna Delu cewa ta yi ba a ɗauke wa mace miji da rana tsaka. A ɗakinta Tawfiq ya girma, ya je jami'a a Aliero ya karanto aikin gona, ya dawo yana koyarwa a wata makaranta a Jega, kullum yana zuwa yana dawowa a kan babur. A duk tsawon shekarun nan ba a taɓa jin sun yi wa juna magana ɗaya ta hankali ba.

Da safe idan ya leƙa ɗakinta, gaisuwarsa ita ce, "Tsohuwa, yau ma ba ki mutu ba?" Ita kuwa ta ce, "In mutu in bar ma wa ragon miji? Ba mai kwasa tai ko kyauta." Ya sace mata goro, ta ɓoye masa nama a ƙasan miya. Shi ne kuma mai ɗiga mata maganin ido, don ta rantse duk gidan ba mai hannun da ba ya rawa sai shi, ko da yake shi ɗin ma tana cewa so yake ya makantar da ita ya huta. Gaisuwar mutuwar ce kawai ya daina tun bara, da ta faɗi a bayan ɗaki aka kwana biyu da ita a asibiti. Bakinsa ya ƙi furta ta, kuma ya ɗauka ba ta lura ba.

Ana nan sai wani kamfanin iri da ke Ibadan ya kira shi a waya. Ya nemi aikin ne da wasa, suka yi hira da shi ta bidiyo yana zaune a kan buhun albasa, saboda nan ne kawai sabis yake kamawa a gidan. Yanzu sun ce ya zo. Suna da gonakin gwaji, suna neman irin albasar da ba za ta ruɓe a damina ba, kuma suna son wanda ya tashi cikin albasa. Tawfiq ya so aikin nan har cikin ƙashinsa. Ya gaji da zana tushen albasa a allo da alli ga yaran da suka fi shi iya dasa ta. Kamfanin ya ba shi zuwa ƙarshen wata ya ba da amsa.

Ya fara da mahaifinsa, Malam Ayuba, ya same shi a fadama yana ban ruwa.

"Ni dai na yarda," in ji Malam Ayuba. "Amma ka san ba ni ad da kai ba. Tahi ka ji ta bakin mai ɗakinka."

Nan fa aka zo wurin. Tawfiq ya wanke fuska, ya sa babbar riga, ya ɗaure gira yadda yake yi wa ɗalibai ranar jarrabawa, ya shiga ɗakin Inna Delu ya durƙusa.

"Inna, magana nit taho da ita, ta gaskiya."

Tsohuwar ta ƙanƙance ido. "Wa ar rasu?"

"Ba kowa."

"To wagga riga ta wa kas sato?"

Ya daure ya faɗa mata komai, kamfani, Ibadan, gonar gwaji. Ta saurara tana gyaɗa kai kamar mai fahimta, har ya fara murna. Da ya gama ta ce, "Badun? Kai da ko barkono ɗaya ka sa ka hawaye? Su Yarbawa da miyarsu za su maido min kai cikin kwali." Ya ce don Allah ta faɗa masa, ya tafi ko ya zauna. Ta ce in zai tafi ya bar mata babur ɗin, ta daɗe tana so ta fara kabu-kabu zuwa Jega.

Ya fito yana dariya. Bai san ko wannan na nufin tafi ba ko kada ka tafi. A rayuwarsa bai taɓa buƙatar sanin abin da ke ran tsohuwar nan ba sai yau, kuma ga shi bai san ƙofar da ake bi a shiga ba.

Sai ya roƙi mahaifinsa ya tambayar masa. Wannan kuwa wautar Tawfiq ce tsantsa, don Malam Ayuba ɗan fari ne. Inna Delu ba ta kama sunansa, ba ta haɗa ido da shi, kuma shi da furfurarsa bai taɓa wuce bakin ƙofarta ba. Duk da haka ya je, ya tsuguna a waje, ya gaida bango, ya yi gyaran murya, ya ce ana so a ji ra'ayi game da tafiyar yaro. Can sai aka ji Inna Delu tana magana da akuyarta da ke ɗaure a gindin turke.

"Ke, hwaɗa ma mutumen da ke ƙohwa, rana ta yi, shukatai na jiran ruwa."

Malam Ayuba ya ce to, ya yi godiya, ya koma fadama. Da yamma ya shaida wa ɗansa cewa ya yi iya ƙoƙarinsa.

Tawfiq ya hau babur har Maiyama ya ɗauko Goggo Hafsa, autar Inna Delu, wadda ita kaɗai take iya zama a gadon tsohuwar ta miƙe ƙafa. Goggo Hafsa ta shiga da ƙarfinta, ta ce yau sai an yi ta ta ƙare. Ba ta daɗe ba ta fito tana gyara mayafi.

"Mi tac ce?" in ji Tawfiq.

"Ta ce tun yaushe niz zama alƙaliya da za ni shiga tsakanin mata da miji. Sannan ta ce na yi ƙiba."

Wata ya kama hanyar ƙarewa. Tawfiq ya rame da tunani. Idan yana aji sai ya ga gonakin Ibadan da bai taɓa gani ba. Idan ya dawo gida ya ɗaga haɓar tsohuwar zai ɗiga mata magani, sai ya ji yadda fuskar ta zama ba nauyi a tafin hannunsa, kamar busasshen ƙoƙo. Tsoro yake ji, tsoron kada waya ta same shi a wata ƙasa mai nisa a ce masa ya yi haƙuri. Ranar wata Laraba ya yanke shawara. Tunda ba a samun magana daga gare ta sai ta wasa, shi ma da wasa ya kai mata.

"Tsohuwa, kin ci gari. Na hwasa tahiya. Wa za ni bar ma ke, da wanga baki naki?"

Ya jira zagi. Inna Delu ta dube shi na ɗan lokaci, ta ce, "To."

Washegari da ya dawo daga makaranta, ya tarar an shimfiɗa sabuwar tabarma a ƙofar ɗakinta, wadda ake ajiyewa don surukai. Inna Delu ta fito da ruwa a kwanon sha mai murfi, ta dafa ƙasa da ƙyar ta durƙusa, ta ajiye a gabansa.

"Sannu da zuwa, Malam Tawfiq. An wuni lahiya? Ya ɗalibai?"

Ya fashe da dariya, ya ɗauka sabon salo ne. Ya ce, "Yau kuma wace tsiya ta?" Ta ce, "Allah shi huci zuciyar Malam." Aka kawo tuwo, nama a sama, tsoka biyu manya, a fili kowa na gani. Ya miƙa hannu ya ɗauke goronta a gabanta, ta ce in bai isa ba akwai wani a cikin kwalla. Ya ce mata mai kunnen jemage. Ta ce Malam ya fi ta sani. Da lokacin magani ya yi, ta ce kada a wahalar da Malam, Goggo Hafsa ba ta koma Maiyama ba tukuna, za ta ɗiga mata.

Matan gida suka sha dariya a ranar farko. A rana ta biyu dariyar ta ragu. Zuwa ta uku kowa ya shiga taitayinsa, don ba wanda ya taɓa ganin Inna Delu tana girmama mutum haka sai mai awon hatsin da ya taɓa cutar ta a kasuwa. Tawfiq kuwa ya rasa inda zai sa kansa. Yana cin naman yana jin kamar ƙasa yake taunawa. An yi masa bulala a makarantar allo, an taɓa korar sa daga aji a jami'a, amma bai taɓa shan horo mai zafin wannan ladabi ba. Ga shi har yanzu bai kira kamfanin ya ce ya fasa ba, kullum sai ya ce gobe.

Ranar Asabar da hantsi ya kasa jurewa. Ya tsallake tabarmar surukai, ya shiga ɗakin, ya zauna a ƙasa kusa da ƙafafunta.

"Delu, mi ni yi miki? Don ke niz zamna."

"Na sani, Malam."

"Ki bar ce min Malam!"

Ta murza bakin zaninta. Da ta buɗe baki, muryar da ta fito ba ta wasa ba ce, ba kuma ta ladabin ƙarya ba. Tawfiq bai taɓa jin ta ba, har ya ɗaga kai ya tabbatar ita ce.

"Tun bara kab bar tambaya ta ko na mutu. Ka aza ban gane ba? Da kana tambaya, na san ba ka tsoro. Da kab bari, na san ka hwara jira. Yanzu kuma ka aje aikinka, ka aje karatunka, ka zamna gadin ranar da za a hidda ni. Kullum ka shigo ka diba ko ina numhwashi. To ni ba ni wasa da mai gadi. Mai gadi sai a gaishe shi, a ba shi ruwa."

"Ba haka na ba," in ji shi, amma a hankali ya faɗa, don ya san haka ne.

"Ni na yi renon yaro don shi tahi inda ban taɓa zuwa ba, shi dawo shi yi min ƙarya in ƙaryata shi. Ban yi renon wanda za ya tsuhwa tare da ni ba. Tsohuwa guda ta isa ɗakin ga."

"To don mi ba ki hwaɗa min tun hwarko?"

"Kai wane irin miji na, da sai an hwaɗa maka komi? In nic ce tahi, ka ce na gaji da kai. In nic ce zamna, na cuce ka. Na so ka yi hankali da kanka, ashe babu shi."

Zagin nan ya shige shi kamar ruwan randa a tsakiyar bazara. Ya yi dariya, dariyar ta karye a tsakiya. Sai ya yi tambayar da ta hana shi sukuni tun ranar da aka kira shi.

"In na tahi, wani abu yas same ki bayana hwa?"

"Sai ka yi kukanka can. Ko Badun ba su da wurin kuka?"

Ya sunkuyar da kai. Ta ɗora hannu a ƙeyarsa, ta bar shi a nan, abin da rabonta da yi tun yana ɗan firamare.

"Ni ko in yi nau kukan nan, tun da raina," in ji ta. "Ka ga mun raba aiki. Tashi ka kira mutanen nan kahin su samu mai hankali su ba shi."

Ya tashi ya fita tsakar gida da waya a hannu, yana ɗaga ta sama yana neman sabis, har ya isa wajen buhun albasa. Goggo Hafsa da ke tankaɗe ta dube shi, ta dubi ƙofar ɗakin, ta ci gaba da aikinta. Wayar ta fara shiga. A daidai lokacin ya jiyo sautin kuka daga ɗakin da ya baro, ƙasa-ƙasa, na wadda ta toshe baki da zani. Inna Delu ba ta jira ya tafi ba, ta riga ta fara nata rabon aikin.

Ƙafarsa ta so ta juya. Amma ya san idan ya koma za ta share fuska, ta shimfiɗa masa tabarma, ta kira shi Malam har ƙarshen rayuwarta. Ya tsaya inda yake, bayansa ga ƙofar. Aka ɗauka a can, wata murya ta gaishe shi da Turanci ta tambayi ko ya yanke shawara. Tawfiq ya ce yana nan tafe.