Gadar Mai Aski

Rafin da ya raba unguwar gida biyu ya daɗe da daina zama rafi, suna kawai ya rage masa. An ce akwai ruwa a ƙasa, ga mai iya yarda da abin da bai gani ba. Abin da ido ke gani dai leda ce, da robobin ruwa, da takalma warin ƙafa, da tsummokaran da masu su ma suka gaji da su.

Shagon mai aski yana bakin rafin ta gabas. Masu zuwa aski kuwa kusan dukansu a yamma suke, inda gidajen haya suka yi yawa. Abin da ya haɗa shi da su 'yan katakai ne da wan matarsa, wani kafinta, ya jera masa tun yana sabon ango, ya tokare su da turke guda a tsakiyar ruwa. Kowa yana bi ta kai, amma gadar mai aski ake ce mata. Babbar gada ta siminti tana can ƙasa wajen tasha, kuma a kan hanyarta wasu samari sun buɗe shagon aski mai fanka da talabijin da madubi bango guda. Mutum ba zai wuce irin wannan shago da suma a kansa ya ƙara doguwar tafiya don sabo kawai ba. Mai aski ya san haka. In babu katakan nan, babu shi.

Ranar da Sista ta tsaya a ƙofar shagonsa, yana tsakiyar gyara wa wani tsohon direba ƙeya. Sista ma'aikaciyar jinya ce da ta yi ritaya, ta rasa majinyata, sai ta koma jinyar unguwa. Ita ce shugabar kwamitin tsafta.

"Sannu da aiki, mai aski. Asabar za mu shiga rafi, ka ji ko?"

"Na ji, Sista. Allah ya ba da lada."

"Ba addu'a na zo karɓa ba. Gadarka za mu cire."

Almakashi ya tsaya a iska. Direba ya buɗe ido ɗaya.

"Turken nan naka," in ji ta, "shi ke tare duk ƙazantar da ta gangaro. Ruwa ya zo ya tsaya, sauro ya samu gidan haya kyauta. Bara ruwa har ɗakin matar tela ya shiga."

"Turkena ne ya zuba ledar?"

"Bai zuba ba, amma shi ya rungume ta."

"To ni da wannan gwiwar tawa fa, Hajiya Sista?" in ji direba. "Ta sama zan riƙa tashi?"

"Kai da kan naka rabinsa fili ne, Baba, me ake aske maka?"

"Ragowar mana. Ita ma tana da haƙƙi."

Mai aski bai yi dariya ba. Ya ajiye almakashi, ya bi ta har waje, ya rage murya. Ya ce a bar masa ƙarƙashin gadar, shi zai share da hannunsa. In ruwa ya wuce bai tsaya ba, a ƙyale ta. In ya tsaya, shi da kansa zai ba su guduma. Sista ta dube shi irin kallon da take yi wa majinyacin da ya rantse ya sha magani. Ta ce ta yarda.

Bai taɓa fita aikin sa-kai ba. A ganinsa masu zubar da shara da masu kwashe ta mutane ɗaya ne, ranaku ne kawai suka bambanta. Ko a gida matarsa ba ta taɓa ganin ya ɗaga tsintsiya ba, sai a shago, inda yake share gashi ko da sili ɗaya ne ya faɗi. Da ta ga yana gwada takalmin roba na aro da safiyar Asabar, sai ta tsaya da bokiti a hannu.

"Baban yara, lafiya? Ko an ce za a raba wani abu?"

"Aikin al'umma za ni."

"Ikon Allah. In ka dawo akwai wata al'umma a bayan ɗakin girki, ita ma kwatarta ta toshe."

A bakin rafi an taru. An raba safar hannu da buhuna, an kawo baro da shebur da manjagara. Mai shagon da ya fi kowa sayar da ruwan leda a unguwar shi ya riƙe lasifika, yana jawabi a kan illar leda. Wasu sun zo da fararen kaya, alamar ba su da niyyar sauka. An ɗauki hoto kafin a fara, don kada a gaji a manta.

Mai aski bai tsaya hoto ba. Ya naɗe wando ya sauka ƙarƙashin gadarsa, laka ta karɓe shi har gwiwa. Wari ya taso kamar an buɗe tsohuwar rijiya. Kafinta, wan matarsa, ya samu dutse a bakin gaɓa ya zauna, ya ce shi bayansa ba ya son sunkuyo, amma zai taimaka da ido.

"Mijin ƙanwata, ka yi a hankali da turken nan. Ba don zai karye ba, don kada ya karya maka manjagara. Icen da na sa a nan, ni da kai duk zai binne mu."

"Na ji, Yaya. Miƙo buhu."

"Ai ga shi can kusa da kai."

Yadda yake aski haka ya yi aikin. Ya fara daga gefe, ya bi layi, bai tsallaka wuri ba sai ya ga ƙasa. Sauran mutane suna caka manjagara inda tari ya fi yawa, su ja abin da ya zo, su matsa gaba. Shi kuwa in ya gama taki ɗaya sai ya ja da baya, ya karkata kai, ya duba, ya dawo ya tsince 'yar ledar da ta maƙale a saiwa. Ya ciro gidan sauro, da fankar da ba ta da fukafukai, da jakar makaranta cike da yashi. Ya ciro reza masu tsatsa da yawa, waɗanda bai tsaya tambayar daga ina suka fito ba.

Kafin rana ta take, abin da ba a gani ba shekara da shekaru ya bayyana. Ruwa ya motsa. Baƙi ne, yana tafiya kamar mai ciwon ƙafa, amma yana tafiya. Ya rabu biyu a jikin turke ya haɗe a gaba. Sista ta zo ta tsaya a kan gadar, ta tsinki ganye ta jefa ta sama, ta juya ta ga ya fito ta ƙasa.

"To, mai aski, ka fita. Gadarka ta sha. Hau ka wanke jikinka."

Direba, wanda ya zo kallo da sandarsa, ya ɗaga ta sama. Mai lasifika ya sanar wa duniya.

Da mai aski ya hau a lokacin, da shi ke nan. Har ya sa ƙafa ɗaya a gaɓa, sai ya waiwaya, kamar yadda yake waiwayar kowane kai kafin ya cire tawul. Ko'ina fes, sai gindin turken. A nan wani dunƙule ya rage, ya kai girman turmi: tsohuwar tayar mota, da buhunan siminti da suka daskare, da waya, da saiwoyi, duk sun cure wuri ɗaya sun rungume icen. A idonsa abin ya yi kama da tukkun da aka manta a tsakiyar kan da aka aske tas.

"Bar shi haka," in ji Sista. "Ba ya tare komai."

"Yanzu zan gama."

"Na ce ya isa."

"Sista, ni ban taɓa sallamar mutum da rabin aski ba."

Ya koma. Ya sa shebur ya sassare saiwoyin, ya warware wayar, ya ɓamɓare buhu ɗaya. Tayar ta ƙi motsi. Wasu ma'aikatan gidan burodi, majiya ƙarfi, da suka gama nasu yankin suna neman abin da za su nuna ƙarfi a kai, suka jefo masa igiya. Ya ɗaura a jikin tayar, suka ja layi a gaɓa, mai lasifika ya samu aikin da ya dace da shi, yana ba su kirari.

Mai aski ya sunkuya don ya taimaka daga ƙasa, ya zura hannu ta cikin tayar yana neman turken ya dafa. Hannunsa ya wuce. Ya sake lalubawa. Babu ice a wurin, sai wani abu mai laushi kamar jiƙaƙƙen burodi, wanda ya narke a tafinsa. Turken ya daɗe da ruɓewa daga inda ruwa ke taɓa shi. Guntun da ake gani a sama a kan tayar yake zaune, tayar a kan buhuna, buhunan a kan sharar unguwa. Abin da mutane ke takawa ke nan suna zuwa aski.

"Ku tsaya!" ya ce.

"Ku ja!" in ji lasifika.

Lasifika ta fi shi murya. Tayar ta fito da wani irin sauti kamar an cire haƙori, masu ja suka zube a kan juna suna dariya. Gadar ba ta faɗi nan take ba. Ta ɗan tsaya kamar mai tunani. Sista ta ji katako ya yi laushi a ƙarƙashinta, ta taka da sauri ta sauka ta yamma, ba ta ko waiwaya ba. Sannan tsakiyar ta sunkuya a hankali, ƙusoshi suka yi ƙara ɗaya bayan ɗaya, katakan suka durƙusa cikin ruwa a gefen mai aski, suka watsa masa laka har gira.

Sai wani daga cikin masu fararen kaya, wanda bai san yarjejeniyar da aka yi ba, ya fara tafi, wasu suka taya shi.

Mai aski ya juya ya dubi wan matarsa.

"Yaya, icen da zai binne mu ke nan?"

Kafinta ya tashi daga kan dutsen, bayansa ya warke. Ya leƙa, ya tsotsi haƙori.

"Ai ba a yi ice don a riƙa tona masa gindi ba. Shekara nawa yana tsaye lafiya sai yau da ka sa masa hannu?"

Sista ta yi magana daga wancan ƙetaren, ba da faɗa ba. Ta ce Allah ya rufa asiri ba a kan 'yan makaranta ta karye ba. Ta ce alƙawari kuwa ta cika, ba kwamiti ne ya cire ba. Amma sabon turke a cikin ruwa, wannan babu shi, an riga an zartar. Wanda zai yi gada ya yi ta ƙarfe, daga gaɓa zuwa gaɓa. Kafinta ya ce shi ba maƙeri ba ne. Aka ɗora katakan a baro tare da sauran shara, mai aski da kansa ya taya lodawa, don babu wanda ya san inda ƙusoshin suke kamarsa.

Washegari ya buɗe shago kamar kullum. Ya share, ya goge madubi, ya jera almakashi da reza a kan tawul. Daga ƙofarsa ana ganin rafin yana tafiya, har wani tsuntsu fari ya sauka yana taka laka. Ana kuma ganin hanyar yamma. Ya ga malamin makarantar da yake yi wa aski tun yana saurayi ya zo bakin gaɓa, ya tsaya, ya shafa kansa, ya ɗago masa hannu, ya juya ya nufi wajen tasha. Mai aski ya ɗaga masa hannu shi ma. Bayansa wani ya zo da 'ya'yansa, bai ma ƙaraso ba.

Da hantsi ya ji ana ƙwala masa kira. Direba ne a wancan ƙetaren, ya kifa wani bokiti ya zauna, ya miƙe ƙafar da ke ciwo.

"Kai mai aski! Gemun nan ba zai aske kansa ba!"

"Baba, ka zagaya ta babbar gada mana."

"In na kai can ai na kai wurin yaran nan. Su kuma in sun kama kan mutum sai sun zana masa taswira. Taho."

Mai aski ya dubi kujerarsa, ya dubi ruwan. Ya naɗe kayan aikin a cikin tawul, ya ɗora a ka, ya tuɓe takalmi, ya sauka. Ruwan ya kai masa cinya, da sanyi, ƙasan kuma santsi, don babu sauran abin da ƙafa za ta kama. Ya haye yana ɗiga, ya ɗaura wa tsohon tawul a wuya, ya fara shafa sabulu.

"Ina madubi?" in ji direba.

"Yana bango."

"To yaya zan san abin da kake yi mini?"

"Ɗaga haɓa, Baba."

Direba ya ɗaga haɓa, idonsa ya sauka a kan hadarin da ke haɗuwa ta gabas.

"In ruwan nan ya sauka, rafin zai kai maka wuya fa. Mako mai zuwa yaya za mu yi?"

Mai aski ya goge reza a tawul, ya kama masa kunne ya karkatar da kan.

"Daina magana," ya ce, "kada in yanke ka."