Sa Hannun Auta

Shekara talatin ina koyar da lissafi, shi ya sa ban taɓa yarda da masu cewa 'ya'ya su ne inshorar tsufa ba. Biyar na haifa, ɗaya ta rage: Auta, mai ɗinki a wani shago bakin titi. Kekenta ke ciyar da mu shida: ni, mahaifinta da ɓarin jikinsa ya shanye, goggonta, da marayu uku da yayanta ya bari.

Ran Litinin na je ofishin inshora. Ma'aikacin ya dubi sandata, ya sosa ƙeya.

"Mama, gaskiya a shekarunki..."

"Wa ya ce maka ni? Ni in na mutu ai baki ɗaya ya ragu a tukunya. 'Yata zan yi wa."

Ya yi dariya, ya ga ban taya shi ba, ya haɗiye sauran. Ya miƙo min takarda, ya ce sai ta sa hannu da kanta, kuma likitansu ya auna jininta.

Kwana uku takardar na ƙarƙashin matashina. Da wane baki uwa za ta ce wa 'yarta, zo sa hannu, ina tanadin mutuwarki?

Ran Alhamis da hantsi na same ta tana taka keke, ƙafafun nan a kumbure, kumburin da kullum nake ɗora wa yawan zama laifinsa. Na ajiye takardar kan yadin.

"Malama ta kawo jarrabawa ke nan?" ta ce.

"Sa hannu kawai. Wannan ba a faɗuwa."

"Ana faɗuwa, Mama."

Ta jawo akwatin zare, ta zaro takarda irin tawa sak, duk ta yi laushi saboda ninki.

"Bara na je. Da suka auna jinin sai suka ce in yi haƙuri, in je in ga likita. Ƙoda ce, duka biyun."

"Shekara guda, Auta? Muna ci daga kwano ɗaya?"

"To da na faɗa, wa zai hau keken? Goggo?" Ta goge ido da gefen mayafi. "Kar Baba ya ji."

Wata mata ta shigo awo. Auta ta nemi littafinta ba ta gani ba, sai ta juya takardata, ta rubuta kafaɗa da ƙugu a bayanta.

Na zauna a benci. Ƙaramin marayun shekararsa shida, ni saba'in da uku. Ban so na iya wannan lissafin ba.