Tsohuwar Bayan Shinge

Kwana uku malamar makarantar ta yi tana bin tsohon littafin filaye, don ta rubuta wa 'ya'yanta asalinsu. A da, duk wanda ya aurar da 'yarsa ga maƙwabci yakan yanka mata yanki a gonarsa, magatakarda ya rubuta. Da haka ta gano aure bakwai tsakanin gidansu da maƙwabta.

A shafin ƙarshe ta ga yankin kakarta, mahaifiyar Baba, wadda aka ce wurin haihuwarsa ta rasu. An rubuta cewa aure ya mutu, an mayar wa iyayenta yankin, ga inda ta dangwala yatsa shekara shida bayan haihuwar Baba. Gidan iyayen kuwa shi ne na bayan shingensu, wanda aka hana su ko gaisawa da mutanensa.

Sai ta tuna tsohuwar da ke miƙo mata mangwaro ta saman shingen. Sau biyu Baba ya zane ta a kan mangwaron nan.

Ta same shi yana feƙe ƙotar fartanya, ta ɗora masa hoton shafin a cinya.

"Baba, ka san ita ce?"

Bai ɗago ba. "Kakanki ne ya rantsar da ni."

"Shi ai ina goye ya rasu. Ita kuwa sai da na shekara goma sha biyar."

Ya ci gaba da feƙe ƙotarsa.

"Ranar jana'izarta," ta ce, "kasuwa ka aike ni sayo gishiri."