Kofunan Wuyan Keken Auta

Mai gyaran keke yana cikin share shagonsa da safe matarsa ta shigo da waya a hannu.

"Baban Auta, duba 'yarka. Har sun isa dutsen da za a yi tseren."

Hoton Auta ne, tana dariya, riƙe da kekenta na hawan dutse. Jiya ya saka wa keken wasu kofuna biyu na ƙarfe a wuya, masu ɗan karkata. In aka saka su daidai suna tura tayar gaba gaba kaɗan, sai keken ya natsu a gangare. In aka juya su, tayar takan shige ƙarƙashin mutum.

Ya buɗa hoton da yatsu. Alamar da ke jikin kofin sama ta kalli baya maimakon gaba.

Tsintsiyar ta faɗi daga hannunsa.

"Lafiya?"

"Na juya su. Wayyo Allah, na juya su! Kira ta!"

Ta kira, ba ta shiga ba. Ta kira mai horar da su, shiru. Kan dutsen babu sabis.

Ya watsa guduma da sifana da guntun katako a buhu, ya fizgi makullin babur ɗin maƙwabcinsa tela ba tare da bayani ba. Duk hanya bakinsa bai daina addu'a ba. A gindin dutsen mai gadi ya tare shi da igiya.

"'Yan tsere kaɗai ke hawa, Baba."

"'Yata ce a sama! Keken zai kashe ta! Don girman Allah!"

Yana cikin roƙo ya hango ta tana saukowa a ƙafa, tana tura keken. Rigarta ta yage, gwiwar hannunta tana jini.

"Baba? Me kake yi a nan? Gwaji kawai na yi, keken nan ya cilla ni ta kansa. Kamar an yi masa asiri."

"Ni ne asirin. Kwantar da shi."

Nan a kan tsakuwa ya kwance wuyan keken. Garin sauri har ya doki babban yatsansa da guduma, bai ma ji ba. Lasifika ta kira lambarta. Auta ta ruga wajen alƙalan, ta dawo tana haki.

"Sun mayar da ni ta ƙarshe. In ban hau motar da za ta kai 'yan tsere sama yanzu ba, shi ke nan."

Ya buga kofunan suka zauna, ya duba alamar, ya sake dubawa, ya ɗaure.

"Auta, ki haƙura da yau. Hannunki fa."

"Shekara guda nake jiran yau, Baba."

Ta jefa keken a bayan motar. Shi kuwa ya zauna a ƙasa, ya juya wa dutsen baya. Bai ga saukowarta ba. Mai gadin ne ya taɓa kafaɗarsa daga baya.

"Tashi, Baba. Ba ta ci ba, amma ga ta can a kan kekenta, tana nemanka."