Yadda Lado Ya Sauya Ƙarshen Majigi

Lado direban motar gyaɗa ne, yana jigila tsakanin Katsina da Maraɗi, kuma duk inda aka tsayar da shi sai ya tara jama'a da labari. Wata rana da hantsi motarsa na jiran bincike a shingen Jibiya, sai ya zauna gindin bishiyar bedi wurin Fatu mai fura, ya shiga ba da labarin wani majigi da ya kalla a Kano.

Ya ce mutanen wata ƙasa ce mai duwatsu, Sukotlan, mazansu na ɗaura zane iya gwiwa, suka yi wa Sarkin Ingila tawaye. Arzika, wani mai jakuna daga Gangara, ya tambaya ko an kashe madugun nasu. Lado ya yi dariya, ya ce shi majigi yana da ƙa'ida. Jarumi a kafaɗa kawai ake sararsa, maci amana tun daga kallonsa za ka gane shi, kuma ba a soma yaƙi sai madugu ya hau dutse ya gama jawabi, abokan gaba na tsaye suna jiransa. Har ya miƙe yana kwaikwayon jawabin, yana cewa a kori Ingilishi.

Ashe Baturen da ya zo rangadin kwastan yana bakin tagar ofis, kuma yana jin Hausa. Ɗan doka ya zo ya ce ana kiran direba. Fatu ta ajiye ludayi, Arzika ya sulale wurin jakunansa. Lado ya shiga ofis yana tunanin gidan yari da iyalinsa.

Baturen ya ce ya ƙarasa masa labarin. Lado ya ƙaga wani ƙarshen nan take: sojan Sarki suka murƙushe 'yan tawaye, aka ƙone gidajensu, kowa ya yi mubaya'a.



"Haka aka yi a gaske," in ji Baturen. "Sukotlan ƙasarmu ce. Amma a majigin fa?"

"Ranka shi daɗe, a majigin madugu ya tsere cikin kwalekwale, rana na faɗuwa, ana busa masa algaita."

Baturen ya yi dariya har ya share ido. Ya ce kakarsa ma a nan take tsayar da labarin, ba ta taɓa yarda ta wuce kwalekwalen ba. Ya sa aka ɗaga shinge.

Da Lado ya fito, Fatu ta yi hamdala, ta miƙa masa ƙwaryar fura. Ya shanye a tsaye. Arzika ya leƙo daga bayan jaki ya tambaya ko bulala ce.

"Ƙarshen labari ya nema," in ji Lado, ya hau mota ya nufi Maraɗi.